Shanyar Idella a Shingen Tawada

Duk tsibirinmu, daga wannan ƙarshen zuwa wancan, ba a taɓa haifar matsoraciya irin Goggo Idella ba. Ba zaginta nake yi ba, ita da bakinta take faɗa. An haife ta a wurin da duk inda ka juya teku ce, amma har ta tsufa ruwan gishiri bai taɓa wuce idon sawunta ba. Mutane kan hau jirgin wasiƙa su je Nassau, babban birni, su dawo suna cika mu da labari, ita ko bakin gadar jirgin ba ta zuwa. In hadari ya haɗo sai ta lulluɓe madubi da zane, ta shige ƙarƙashin tebur. Tana tsoron ƙaguwa, tana tsoron fasto, tana tsoron akuyar da ita da hannunta ta yi renonta.

Ba ta yi aure ba. An ce wani masunci ya taɓa zuwa nemanta, ya sa sabuwar malafa, ya tsaya a ƙofa ya yi gyaran murya, kafin ya gama ta fice ta tagar baya. Ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini. Ƙawar mahaifiyata Albertha ce tun suna 'yan mata, shi ya sa na taso ina ce mata Goggo. Mama ƙatuwar mace ce mai faɗin kafaɗa, Idella kuwa 'yar firit. Ni dai gaskiya tsoron nan nata haushi yake ba ni. Ba ni da haƙuri da mai yawan karkarwa, kuma ban taɓa ɓoye mata ba.

To wannan matar ce Allah ya ɗora wa wankin rigunan tafiya, ta gada wurin uwarta. A wurinmu mutum in ya manyanta yakan ɗinka farar rigar da za a binne shi da ita, doguwa mai faɗi, ya ninke ya sa a akwati da kafur. Ita muke kira rigar tafiya. Iskar teku ba ta barin farin kaya ya zauna fari ko a cikin akwati, saboda haka duk shekara bayan Ista Idella kan bi gida-gida ta karɓo su, ta wanke da ruwan rijiya, ta sa bula, ta shanya, ta goge, ta mayar wa kowa tasa. Mai riga ba ya wanke tasa da hannunsa, a ganinmu wannan gaggawa ce. Idella kaɗai ke wanke tata, don babu mai yi mata, kuma wannan ma yana cikin abubuwan da ke cin ta a rai.

Ba mu da igiyar shanya a lokacin, ko da akwai ma iskar gaɓa ba za ta bar kaya a kanta ba. A kan itacen tawada ake shanya. Ɗan gajeren itace ne mai cunkoson rassa da ƙananan ganye, yana fitowa a kan dutse da rairayi inda gishiri ya kashe komai. Ba shi da ƙaya, kuma in ka shimfiɗa masa jiƙaƙƙen zane sai ya riƙe maka shi tsaf. Wani malamin makaranta da ya taɓa zama da mu ya ce dangin zaitun ne, muka ce to, sannunsa. Abin da kowace yarinya ta sani tun kafin ta iya wanki shi ne itacen yana da namiji da mace, kamar gwanda. Namijin ɗan fure kawai yake yi, ƙudan zuma su yi ta kuka a kansa, shi ke nan. Macen ita ke yin ƙananan 'ya'ya baƙaƙe da tsuntsaye ke so, in ɗaya ya fashe a kan farin kaya kuwa ka yi sallama da farin. Ba a shanya a kan mace.

Shinge mafi kyau a ƙauyen shi ne na maƙabarta. Ƙasarmu dutse ce, sai a rairayin bakin teku ake iya haƙa kabari, to a nan kakanninmu suka kewaye matattu da tawada, suka zaɓi maza zalla suka dasa. Ya kai ƙirjin mutum tsayi, ya yi kauri har ba ka ganin abin da ke ciki. A kansa, ta waje, ake shanya rigunan tafiya, kuma kowace riga da gurbinta, inda aka saba sa ta tun shekarar da aka ɗinka ta. Ba a barin gurbi babu riga sai in mai shi ya rasu. Ranar shanya tsofaffi kan fito wai shan iska, alhali kowa ya zo ne ya hango tasa tana nan a layi. Idella kuwa da doguwar sanda take ɗora su, idonta a kan yatsun ƙafarta, bakinta yana ta ba mutanen ciki haƙuri.

Babana, Cleophas Bain, yana kwance daidai bayan gurbin Mama. Ba wanda ya shirya haka, layin kaburbura ne ya kawo nan a shekarar da ya rasu. Ubana ne, ba zan ƙara masa ba, ba zan rage ba. Bai taɓa ɗaga wa Mama hannu ba, bai ma buƙata. Yana da wani kofin ƙarfe mai farin fenti, in yana nemanta sai ya ƙwanƙwasa shi a kan tebur. Ko tana gona, ko tana bakin rijiya, ko tana kwance ba lafiya, da ta ji ƙarar nan sai ta saki abin da ke hannunta ta taho da gudu. Ban taɓa jin ya kira ta da suna ba. Da ya rasu aka yi yadda aka saba. Kofin da mamaci ya sha ruwansa na ƙarshe da shi akan ajiye a kan kabarinsa, matarsa ta tsaya ita kaɗai bayan kowa ya watse, ta huda ƙasan kofin da ƙusa don kada ya sake kiran kowa a gidan. Muka bar Mama da kofi da ƙusa, muka dawo gida. A shekarun da suka biyo baya ta yi ƙiba, ta koyi dariya da ƙarfi.

Abin ya faru ne a shekarar da nake ɗauke da cikin autana, ya tsufa har ba na ganin ƙafafuna. Mijina da duk mazan da ke da ƙarfi sun tafi kamun kifi can nesa, ba a sa ran su sai wata ya juya. Rana tsaka ina tankaɗe sai ga Idella ta ƙofar baya, ta ƙanƙame wani ƙunshi, leɓunanta sun yi fari.

"Lovina, ke kaɗai ce?"

"Ni da wannan ƙaton cikin. Me ya biyo ki yau kuma, Goggo? Ƙadangare?"

Ta kwance ƙunshin. Ta warware wata rigar tafiya a kan teburina. A ƙirji, ɓangaren hagu, ga tabo baƙi mai ja-ja a ciki, dogaye a jere kamar an dafa wurin da yatsu. A wuyan rigar ga jan zaren da Mama ta yi alama da shi.

"Tsuntsu ne ya ci tawada ya yi kashi," na ce.

"Kashin tsuntsu daga sama yake zuwa, 'yar nan. Juya ki gani. Wannan daga ƙasa ya taso."

Na juya. Gaskiya ta faɗa.

"To akwai mace a shingen."

"Uwata ta yi shanya a nan har ta mutu, ni ma ga shi na tsufa a kai. Maza ne. Kin taɓa jin namiji ya haihu?"

Na buɗe baki zan yi mata tsawa kamar kullum, sai ɗan cikina ya juya. Ni da ita duk mun san wanda ke kwance a bayan gurbin. Ba wadda ta ambaci sunansa.

Muka ɓoye. Muka dirje tabon da lemun tsami da gishiri har hannuwanmu suka yi zafi, ya dusashe. Washegari da safe ta mayar da rigar gurbinta, don in aka ga wurin babu riga magana za ta fi haka muni. Kafin rana ta take tabon ya dawo, a wuri ɗaya, ya fi na jiya faɗi, har ya ɓullo ta sama. Wannan karon maƙwabciyarmu Drusilla ce ta fara gani, matar da ko kaza ta yi atishawa sai ta kai labarin ƙarshen gari. Kafin in ja cikina in isa gidan Mama na tarar da ita a ƙofa, hannu a ƙirji.

"Albertha 'yar'uwa, ba ni ya kamata in faɗa miki ba, Allah ya sani. Amma yatsu ne. Yatsun namiji kuwa, manya."

"Drusilla," na ce, "in ba ki bar ƙofar nan ba, ke ma za ki ga yatsu, na mace, a fuskarki."

Aikin gama ya gama. Mama ta ɗaura kallabi, ta je ta tsaya nesa da shingen ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta dawo ta share ɗakinta, ta wanke tukwanenta ta kife, ta hau gado ta juya fuskarta bango.

Na dafa mata tsakin masara da kifi, ta ƙi. Na yi mata shinkafa da wake irin wadda take so, da ɗan barkono, ko kallo ba ta yi ba. Shayin ganye ma sai in ɗura mata da cokali ya zubo ta gefen baki. Na lallaɓa, na yi faɗa, na yi kuka, na ce mata ba za ta ga jikanta ba, ta ce Allah ya raya shi. Mace ƙatuwa irin Mama, a idona ta riƙa zubewa, kumatu suka faɗa, idanu suka shige ciki. Idella kullum tana zaune a ƙasa wajen ƙafafunta tana murza mata su, tana zubar da hawaye ba sauti. Wata rana da hantsi wata yarinya ta buga guga a bakin rijiya. Mama, da ta kwana biyu ba ta yi magana ba, ta ɗago kai da sauri ta ce, "Na'am, ina zuwa," da muryar nan tata ta dā, siririya, wadda na yi shekaru ban ji ba. A nan na san uwata mutuwa za ta yi, kuma ba ciwo ne zai kashe ta ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Ni in tsoro ya kama ni fushi nake yi. Na fizgi hannun Idella na ja ta har shingen, tana tirjiya tana kiran sunan Yesu. Na tsaya a gurbin Mama, na rufe ido, na zura hannuna cikin rassan har kafaɗa. Sanyi ne a ciki. Wani abu ya fashe a tsakanin yatsuna, jiƙe, na zaro hannun da ihu, Idella ta fi ni ihu. Yatsuna sun yi baƙi da ja. Sai da numfashina ya dawo na ga ɗan reshen da na tsinko, ga 'ya'yan tawada cunkus a jikinsa. Mace ce ta ratso ta tsakiyar mazan daga ciki, ta ɓuya a ƙarƙashin ganyensu, nauyin jiƙaƙƙiyar riga ke danne 'ya'yan su fashe.

Na shiga ɗakin Mama ina ɗaga reshen sama.

"Ga yatsun naki, Mama! Ga fatalwar! Tashi ki ci abinci, kin wahalar da mu a banza."

Ta juyo a hankali, ta dubi reshen, ta dube ni.

"Ina saiwarta take?"

"Me ya dame ki da saiwa?"

"Ba wanda ya dasa mace a can. Daga ina ta fito, Lovina?"

Ni kuwa na riga na ji da hannuna inda reshen ya nufa, wajen kabarin Baba. Ta lumshe ido.

"Ban huda ba," ta ce.

"Me ba ki huda ba?"

"Kofin. Na ɗora ƙusar, na ɗaga dutse, sai na ji kamar yana kallona. Kin san yadda yake da kayansa. Na ajiye masa shi lafiyayye, na gudu. Duk shekarun nan ina dariya, kunnena yana can."

Idella ta ɗora hannu biyu a ka. Ni kuwa na ce a ba ni ƙusa. Su biyun suka yi kaina a tare, har da mai shirin mutuwar: mai ciki ba ta shiga maƙabarta, ina so in haifi gawa ne? Zan iya yi musu gardama da baki, amma na dafa cikina na ji ba zan iya ba. Mama ko tsayuwa ba ta iyawa sosai. Na bi matan ƙauyen ɗaya bayan ɗaya. Drusilla ta ce gwiwarta ta tashi tun jiya. Wata ta ce ita ba ta shiga tsakanin miji da mata. Fasto sai jirgi ya zo, kuma in ya zo wa'azi zai yi mana a kan kofuna. Na dawo na zauna a bakin gadon, na rasa abin yi. Leɓunan Mama sun tsattsage, numfashinta ya zama gajere.

Can sai na ji wata 'yar murya daga ƙasa.

"Wa ke da ƙusa?"

Na ɗauka kunnena ne. Na duba, Idella ce, jikinta yana kaɗawa har haƙoranta na haɗuwa.

"Ke, Goggo? Ke da akuya ke kora?"

"Kada ki sake tambayata, 'yar nan. In kika sake, zan ce a'a."

Da rana tsaka muka je, lokacin da inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. A wurinmu an ce wannan sa'ar ma suna yawo, amma babu sa'ar da aka ce ba sa yi. Ƙofar maƙabartar tana can ɗaya gefen, in ta bi ta nan sai ta ratsa kaburbura duka, har da na uwarta, ta ce ba za ta iya ba. Gara ta rarrafa ta ƙarƙashin shingen, ta wata kafa da karnuka suka yi kusa da gurbin. Ta sa na ɗaura mata igiyar akuyarta a ƙugu, ta ba ni ɗaya bakin. Ta ɗauki ƙusa da dutsen da take dukan wanki da shi.

"In kika ji na daina magana, ki ja."

"In na ja kika zo babu kai fa?"

"Lovina, don Allah."

Na yi nadamar wasan. Ta durƙusa ta shige. Na ga tafin ƙafafunta, daga nan ban ƙara ganin komai ba sai igiya tana tafiya a hannuna. Teku na ta bugun gaɓa, rana tana dukan kaina, fararen rigunan mutanen da ba a kwashe ba suna ta motsi a kan shingen. Muryarta kawai nake ji.

"Sannunku da hutawa, jama'a. Ba wurinku na zo ba, wucewa zan yi. Wayyo, ƙaguwa! Yi haƙuri, wuce abinki. Yaya Cleophas, Idella ce, mai wanki. Ka san ni, ban taɓa neman rigima da kai ba. Ko a gidanka ta baya nake shiga."

"Me kike gani?" na ce.

"Ga kofin nan. Cike yake da ruwan sama. Kashin tsuntsu ko'ina, nan suke zuwa sha. Lovina, ga ta nan, macen. Daga wajen kan Yaya Cleophas ta fito, ta kai kaurin hannuna."

Sai ta yi shiru. A cikin shirun nan na ji ƙwal.

Ba zan taɓa mantawa ba. Ƙarar nan ce da na taso da ita, wadda ke sa cokali ya tsaya a hannunmu. Na fizgi igiyar da duk ƙarfina.

"Kada ki ja! Kada ki ja! Tsuntsu ne ya tashi daga bakin kofin, ya bugi dutse. Ina jin tsuntsu ne."

"Kin gan shi?"

"Idona a rufe yake."

Na ji ta zubar da ruwan. Na ji tana addu'a, kalmomin suna hawa kan juna. Sannan ta fara bugu. Abin da ba mu yi tunani ba, ni da ita, shi ne kofin ƙarfe ba ya huduwa shiru. Duk bugun da ta yi sai ya amsa, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ƙarar ta haye shingen ta bi iska ta shiga ƙauyen. Ina jin ƙusar tana zamewa, sai ta sake. Ban san abin da ya sa na waiga ba.

Mama ce tafe a kan hanya. Babu takalmi, babu kallabi, rigar barci tana jan rairayi. Matar da ba ta iya ɗaga cokali ga ta tana sauri, tana tangaɗi, idonta a kan shingen, ba ta ma gan ni ba.

"Ina zuwa," take cewa. "Ga ni nan, ina zuwa."

Na tare ta da cikina da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da igiya. Ban san inda ta samo ƙarfin ba, tana ture ni kamar ba ita ta haife ni ba. Matan ƙauyen sun fito ƙofofinsu sun tsaya, ba wadda ta matso.

"Goggo, yi sauri! Ga Mama nan, kiran take amsawa!"

"Ya ƙi huduwa!"

"Buga, Goggo! Buga kamar wanki!"

Na ji ta yi wani irin kuka, rabi tsoro rabi fushi, wanda ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba. Ta buga. Ƙarar ta canza, ta zama wani ɓas marar daɗi, irin ta tsohon gwangwani. Ta sake bugawa, ɓas. Mama ta tsaya cak a hannuna, ta karkata kai tana saurare. Idella ta ɗauki kofin ta ƙwanƙwasa shi a kan dutse da gangan, ya ƙi amsawa.

"Wannan ba shi ba ne," Mama ta ce a hankali.

Igiyar ta yi sako-sako. Idella ta fito da baya, da rarrafe, ta miƙe da kyar. 'Ya'yan tawada sun farfashe mata a ko'ina, fuska, wuya, ƙirji, hannuwa, kuma ta jiƙa zanenta, ba wanda ya ce komai a kan wannan, har Drusilla. Ta buɗe tafin hannunta, ga lanƙwasasshiyar ƙusa da ɓarɓashin farin fenti. Mama ta daɗe tana kallo.

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba, Albertha. Yau ne karon farko da na yi magana a gabansa bai katse ni ba."

Mama ta zauna daɓas a kan rairayi. Na ɗauka suma za ta yi. Sai ta ce, "Lovina, akwai sauran tsakin nan?" Idella ce ta suma.

Mama ta tashi. Ta ga autana, ta goya shi, ta ga aurensa ma. Idella ta yi ta fama da rigar da lemun tsami da rana har tabon ya ɓace. Macen tawadar kuwa tana nan, don ba a sare abin da ya tsiro a kan kabari. Na tambayi Idella yadda za a yi baɗi, tunda ba a barin gurbi babu riga, ta ce in bar ta da shanyarta. Na bar ta. Mama ba ta ƙara zuwa kallon shanya ba, rigarta kuma duk shekara fara sol take dawowa, ba mu tambaya ba.

Wanda ya ce abin nan ya cire wa Idella tsoro ƙarya yake. Ƙaruwa ma ya yi. Duk shekara in an gama shanya sai ta bi gida-gida tana neman gafara, ta kawo mini akuyarta ta ce in riƙe, ta nuna mini inda take ajiye bula da dutsen guga. In watanni suka wuce sai ta zo a kunyace ta karɓi akuyar. Nakan ce mata, "Goggo, bana ma mutuwar za ki yi?" Sai ta ce, "Wa ya sani, 'yar nan." Ni kuwa in yi tsaki. Haka muka yi ta yi, akuya ta mutu aka sake wata, muna nan a kai.

Ta rasu a zaune a bakin ƙofarta tana ɓarar wake, da safe, ba hadari ba tsawa. Ni da Mama muka je ɗauko rigarta, Mama tana dogara sanda, ta tsufa tukuf. Na buɗe akwatin, ƙamshin kafur ya taso, na warware rigar.

Gabanta duk ya rine. Tabo a kan tabo, na shekara a kan na shekara, wani ya dusashe wani sabo, daga wuya har ciki, ba sauran fari a ƙirjin. A nan na gane. Ita ba ta yarda huda ɗaya ta ishi Baba ba. Tun daga shekarar nan rigar Mama take ɗorawa a gurbinta, tata kuma ta ninka biyu don kada tabon ya ɓullo sama, ta shimfiɗa masa a gurbin Mama. In dole sai ya dafa wata, to ya dafa tata. Daga nan ta koma gida ta jira a kira ta, ita kaɗai, kowace shekara, ina yi mata tsaki.

Mama ta sa hannu ta shafa ƙirjin rigar, ta daɗe tana shafawa.

"Je ki ɗauko tawa," ta ce.

"Mama, za ta yi mata yawa."

"Ku naɗe hannun. Da fara za ta tafi."

"Ke fa?"

"Wannan ai tawa ce tun farko."

Muka sa wa Idella farar rigar Mama, hannun ya wuce yatsunta, muka naɗe shi. Mama ta ninke mai tabon da kanta, ta rungume ta a ƙirji, ta ƙi ba ni in riƙe mata har muka isa gida.